Kwanon da Za a Fasa

"Riƙe nan. A'a, nan na ce, kai mai yatsu kamar guduma!"

Na riƙe. Tsoho Kuwabara, maƙwabcina, yana zaune kan tabarma da bargo a gwiwa, robar iska a hanci, yana shafa baƙin ƙaron itace a bakin tsagar kwanon tangaran da yake cin shinkafa da shi. Hannunsa sai rawa yake. Rawar nan ce ma ta kayar da kwanon tun farko, ya rabu gida uku.

"Baba, akwai gam a motata. Kafin ka yi tari ya kama."

"Je ka liƙe takalminka da shi, Shigeru."

"To wannan yaushe zai bushe?"

"In ya ga dama. Ba ya son rana, ba ya son gaggawa. Laima yake so."

Ni gyaran rufin tangaran nake yi. Abin da ya fashe cire shi nake in sa sabo, in sauko. Ranar ma daga aiki nake, bayana kamar zai ɓalle, ga shi an zaunar da ni riƙon tangaran. Kuma likita ya riga ya faɗa wa 'yarsa Fumiye cewa da wuya ya kai lokacin sanyi.

Ban iya ɓoye magana ba. Na ce, "Baba, kwanon nan fa, bisa al'adarmu, shi za a fasa a bakin ƙofa ranar da aka fitar da gawarka. Wahalar me muke yi?"

"To fasasshe za ku fasa?"

"Ai Fumiye ta sayo maka sabo."

"Na roba! A buga shi da ƙasa ya yi tsalle. In ban ji ƙarar fashewa ba, ta ina zan san an sallame ni? Sai in riƙa dawowa gidanka neman abinci, matarka kuwa ba ta iya miya ba."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Na jira ya lafa.

Kwanon ma tun asali ba wani kyau gare shi ba. Karkatacce ne, launin toka, gefe ɗaya ya fi kauri. Biyu suka saya shi da matarsa Haruye, an fasa nata a ƙofar nan da daɗewa, ranar jana'izarta. Ya ce leɓensa ya san inda bakin kwanon ya lotsa, a nan yake kurɓar ruwan zafi bayan ya gama cin shinkafa.

Muka sa kwanon a akwatin katako tare da jiƙaƙƙen tsumma. Jiƙa tsumman ya zama aikina, don Fumiye tana fama da wanki da magani. Ƙaron ya taɓa mini hannu, ƙuraje suka feso har gwiwar hannu, ina kan rufin mutane ina susa ina zagi. Kullum da yamma in leƙa, shi kuma kullum ya ƙara shigewa cikin bargo.

"Ya kama?"

In danna farce. "Da saura."

"To nima da saura," in ji shi.

Wata yamma farcena ya ƙi shiga. Fumiye ta dama kunun shinkafa ta zuba a ciki, ni na tallafe masa kwanon. Ya juya shi da ɗan yatsa har ya kai wurin lotsawar, ya kurɓa kaɗan. Bai ɗiga ba.

"Saura a barbaɗa garin zinariya na ado a kan tsagar, Baba," in ji Fumiye.

"Bar shi haka. Baƙin ma ya yi. Na gaji."

Bai ƙara cin komai ba. Da safe ya tafi, ana yayyafi, ina kan rufin wani ina canza fasasshen tangaran.

Ranar jana'iza aka fito da akwatin gawar, aka sa a mota. Fumiye ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon naɗe cikin farar takarda. Ta ɗaga shi, ta sauke. Ta sake ɗagawa. Direba yana jira, mutane sun sunkuyar da kai.

"Yaya Shigeru," ta ce, "ba zan iya ba. Ko mu ajiye shi?"

"Ki ajiye, ya dawo ya dame ni? Kawo."

Na karɓa. Ya fi yadda na sani nauyi. Na buga shi da dutsen bakin ƙofa da ƙarfina, yadda ko kurma zai ji. Motar ta yi doguwar oda, ta ja a hankali.

Da mutane suka watse na ɗauko tsintsiya. Takardar ta jiƙe ta yage. Kwanon ya tarwatse ta ko'ina, amma duk ta sababbin wurare. Inda muka liƙe bai saki ba. Wani ɓari yana kwance a gefen dutsen, baƙin layin ya ratsa tsakiyarsa, ruwan sama yana taruwa a cikinsa kaɗan-kaɗan.