Gefen Kwazazzabo

Ghali ya durƙusa a kan yashi yana jera duwatsu: huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba. Atamfa yake sayarwa a kasuwar Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, amma ranar Juma'a shi ne kocin ƙungiyar Hausawan unguwar. An tafi hutun rabin lokaci an ci su ɗaya, ga kuma yarjejeniya da samarin garin cewa wanda aka cinye yau ya bar filin. Fili ne na tsakuwa wanda ko akuya ba za ta yi sha'awarsa ba, amma nan kaɗai leburorin gini ke mantawa da siminti.

"Sa'idu zai dawo tsakiyar baya," in ji Ghali, ya tura dutse ɗaya kusa da raga.

Amadu, magini ɗan Maraɗi wanda ya fi kowa daɗewa a garin, ya sa yatsa ya mayar da dutsen gefe.

"Ka san tsarin wanga fili, Ghali. Wanda ba shi da takardu, gefen kwazazzabo yake bugawa. In motar jandarma ta tsaya, tsalle guda ya ɓace."

"Malam Amadu, wannan ai ba tsarin wasa ba ne, tsarin gudu ne. Mutumin da ya fi kowa iya tare ƙwallo yana can bakin layi yana kallo, mu kuma ana ratsa mu ta tsakiya kamar ƙofar kasuwa."

"Yanzu ragarmu tana wajen titi."

"Na gani."

Abin ya daɗe yana cin Ghali. Kowane mako sai ya zauna ya tsara wa ke tsaron baya, wa ke raba ƙwallo, wa ke kai hari, sannan a zo fili katin zama ya rushe masa komai. Gurgun ɗan wasa mai takardu ya samu tsakiya, gwani ya koma gefe. Yau kam ya gaji.

Ya dubi Sa'idu, dogon leburan nan ɗan Damagaram mai ƙarancin magana. "Za ka iya?"

"In ka ce, yaya."

"To ka tsaya gaban gola. Kada ka bi ƙwallo, kada ka bi mutum. Ko me ya faru, kada ka bar wurinka."

Haushin ma shi ne tsarin ya yi aiki. Duk ƙwallon da ta taso sama, kan Sa'idu take samu. Ghali da ke buga tsakiya ya samu sararin rabawa, ba a jima ba suka farke. Ya waiwayi Amadu don ya ga fuskarsa, amma Amadu ba wasan yake kallo ba, titi yake kallo.

Motar jandarma ta rage gudu a bayan ragarsu, ta tsaya. Kafin a buɗe ƙofa, 'yan gefen kwazazzabo sun zube ciki kamar an share su. Sa'idu kuwa yana nan gaban gola, idonsa a kan Ghali. Wata nawa Ghali yana tsage maƙogwaro a kan mutane su riƙe wurarensu, sai yau aka samu mai jin magana.

Ƙwallon tana ƙafar Ghali. Samarin garin sun tsaya suna kallon motar, hanya a buɗe take har ragarsu. Idan ya ce wa Sa'idu ya gudu, ya tona masa asiri ke nan.

Ya juya, ya narka ƙwallon da duk ƙarfinsa can cikin kwazazzabo.

"Sa'idu," ya ce da muryar faɗa, "tsayuwar me kake yi? Je ka ɗauko mana."

Sa'idu ya tafi da sassarfa, kamar wanda aka aika, ya gangara.

Jandarmomi biyu suka duba takardun waɗanda suka rage, suka tafi. Kyaftin ɗin samarin garin ya ƙirga 'yan wasan Ghali, ya ce da Larabci ba a wasa da rabin ƙungiya, filin ya zama nasu. Ghali bai yi musu ba.

Amadu ya zo ya tsaya kusa da shi a wajen duwatsun. Ghali ya sunkuya ya ɗauki dutsen Sa'idu, ya mayar da shi gefe.