Ɗakin Shirgi

Rana ta shigo ta tagar arewa ta kwanta a kan kafet, daidai inda ƙafafun kujera suka bar gurbinsu. Kujerar kam babu ita. Kwalaye ne jibge a ɗakin, da tsohon injin yankan ciyawa da aka jawo daga waje, ko ƙasar jikinsa ba a kakkaɓe ba.

Noelene Purcell ta tsaya a bakin ƙofa da zanen gini a hammata, ta ja tsaki. Ta tsufa tana zana gidaje a garin Ballarat, can kudancin duniya inda ranar hunturu ke bi ta arewa, ta ga rashin kunya iri-iri, amma ta yau sabuwa ce fil.

"Yaya kika gani?" in ji Darcy Whitlock, yana washe baki. "Ɗakin shirgi ne ko ba shi ba ne?"

Darcy shi ne autan Mama Beryl, tsohuwa mai gidan, kuma zai yi gini a filin da uwar tasa ta yanka masa a arewacin gidanta. Noelene ta zana masa rufi biyu masu gangara, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, da jerin tagogi a tsakaninsu suna kallon arewa, don ranar hunturu ta ɗumama gidan ba sai an kunna wuta ba. Rufin baya kuwa ya sunkuyo wajen katangar tsohuwa, yadda rana za ta tsallake ta iske tagarta. Zane ya cika taurarin makin da doka ke nema na tattalin wutar lantarki, kowa ya huta.

Ban da Darcy. Shi ɗakin golf yake so ta baya, inda zai riƙa jibgar ƙwallo a jikin allo, kuma wai sandarsa tana son sama mai nisa. A juya rufin, dogon bango ya koma kudu, gab da tagar tsohuwa. Noelene ta gaya masa doka ta hana tare wa maƙwabci tagar arewa, muddin ɗakin zama ne. Ashe gogan naka ƙarshen maganar kaɗai ya riƙe.

"In aka juya rufin, tagoginka kudu za su kalla," ta ce. "Gidan zai yi sanyi kamar randa."

"A ƙara kaurin gilashi, a cusa audugar bango. Taurari za su dawo, ko ba haka ba?"

"Za su dawo. Ita kuma fa? Ka san ciwon gaɓɓanta, ka san a nan take wuni."

"Akwai hita a falo." Ya duba agogonsa. "Malama, zane na ba ki, ba wa'azi ba. In kin gaji ki faɗa, masu zane sun fi tumakin garin nan yawa."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Wani yaro zai juya rufin nan kafin shayinsa ya huce. Noelene ta dubi ƙaton da furfura ta fara cin gemunsa, ta ji ta raina shi har cikin ranta. Fatanta ɗaya ya rage, jami'in duba gini, don dole ya ji daga bakin mai ɗakin.

Jami'in ya iso, ya leƙa kwalaye, ya dubi kafet, ya dubi Noelene. Shi ma ba yaro ba ne. Aka kira Mama Beryl, ta taho a hankali tana dafa bango, da rigar sanyi biyu a jikinta.

"Mama, wannan ɗakin me ake yi a cikinsa?" in ji jami'in.

Noelene ta zuba mata ido. Kalma ɗaya ta isa.

"Shirgi ne, ɗan nan," in ji tsohuwa, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Tun mai gidan yana da rai."

Jami'in ya ɗaga kafaɗa ya fita, Darcy ya bi shi yana ba shi labarin sandunan golf ɗinsa.

"Mama Beryl, me ya sa?" in ji Noelene cikin takaici.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, 'yar nan. In bai samu ɗakin ƙwallon ba, ya ce can jihar Queensland mai nisa zai koma da jikokina." Ta gyara wuyan rigarta. "Ki zana masa ke da kanki, kar ya je wa wanda zai yi masa aikin banza. Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Yaushe bangon zai kai tsawon tagar nan?"

Noelene ta yi lissafi a zuci, ta ji kunyar saurin da amsar ta zo mata.

"Ba kafin Satumba ba, lokacin sanyi ya wuce."

"To, madalla. Na samu wannan hunturun ke nan."

Ta tura wani kwali da ƙafa har tsakiyar hasken, ta zauna a kai, ta miƙa hannuwanta cikin rana.