Ƙafafun Sati Dogo

"Sassauta, ɗan fawa, ba sa aka kayar maka ba," in ji Sati Dogo, yana cije leɓe.

Uba bai sassauta ba. Ya riƙe diddigen tsohon da hannun hagu, tafin damansa a kan ƙoƙon gwiwa, yana ja a hankali har sai da ya ji jijiyar bayan gwiwar ta ɗame kamar tsirkiyar baka. Nan ya tsaya, bai ƙara ba, bai kuma saki ba. Gumi ya karyo wa Sati. Daga cikin gida matarsa, Goggo Kaltume, ta leƙo zaure da tukunyar ruwan zafi, ta ajiye, ta koma ciki.

Uba mahauci ne a kasuwar Sabon Gari. Katangarsu ɗaya da Sati tun shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Zariya, lokacin unguwar duk bukkoki ce da 'yan ɗakunan laka. Shi kuwa Sati mutumin Samaru ne, ɗan dako, shekara talatin yana kai kaya Lokoja a ka yana dawowa da wasu. Dogo ne na gaske, babu ƙofar da yake shiga bai sunkuya ba, kuma wallahi yana ji da tsawon nan nasa kamar shi ya yi wa kansa. Da jirgi ya kashe musu hanya sai ya dawo bakin tasha yana sauke buhuna. Sai ga wani zazzaɓi mai sanyin ƙashi ya kwantar da shi wata bakwai a duƙunƙune. Ranar da zazzaɓin ya sake shi, ƙafafun suka ƙi miƙewa. Diddige ya kusa taɓa cinya, mutum zanƙalele ya koma ɗan dunƙule a kan tabarma, abin tausayi.

A wannan halin ne ya kira Uba wata rana da la'asar.

"Zauna, zan gaya maka abin da ko Kaltume ban gaya wa ba," in ji shi. "Wata shekara a hanyar Lokoja wani abokin dakonmu ya mutu a naɗe haka. Muna sauri, ga hadari. Madugu ya sa mutum biyu suka hau gwiwoyinsa. Uba, har gobe ina jin ƙarar nan a kunnena. Ni na san tafiya ta zo, ba ita nake tsoro ba. Amma kada a karya ni, kada kuma a sa ni a rami a naɗe. A miƙe na yi rayuwata."

"Baba, ni rabawa na iya, ban iya gyarawa ba. A kira maɗori mana."

"Ya zo. Ya ce ba karaya ba ce, ba targaɗe ba, ba aikinsa ba ne. Kai kuwa na sha tsayawa a rumfarka. Kana raba cinya da ƙugu ba ka taɓa gatari ba. Wa ya kai ka sanin gaɓa a garin nan?"

Maganar ta yi wa Uba daɗi, ba zai ɓoye ba. Mutanen da suke cin naman hannunsa su ne suke yatsina fuska in ya zauna kusa da su a wurin biki, ba a taɓa cewa ya san wani abu ba sai yau. Washegari abokan sana'a suka same shi a bayan rumfa ya tasa ƙafar san da ya yanka a gaba, yana lanƙwasawa yana miƙewa, ya manta da masu saye. Suka yi ta tsiya, wai Uba zai koya wa sa rawa bayan an feɗe shi. Ya ƙyale su. Ya ga gwiwa hanya ɗaya ta sani, ta naɗe ta buɗe, kamar askar wanzami. Ƙugu kuwa kan ƙashi ne mulmulalle zaune a cikin gurbinsa, yana juyawa ko'ina. Ya taɓa guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwan, sumul, da ruwan nan mai yauƙi da ke tsakaninsu. Sai ya ja jijiyar baya ya riƙe, ya gwada miƙe ƙafar, ta ƙi. Ya saki, ta miƙe. Ashe ƙashin Sati lafiyarsa lau, jijiya ce ta ƙanƙance. Busasshiyar fata kuwa Uba ya san ba a yi mata ƙarfi, jiƙa ta ake yi, a shafa mai, a yi haƙuri.

To haka suka kama. Kullum in ya tashi kasuwa ya wanke hannu, sai zauren Sati. A gasa gwiwa da tsumma mai zafi, a mulke ta da man kaɗe da kitse, a naɗe, a buɗe, a juya idon sawu, a ja yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sati yana zagi, Uba yana ramawa.

"Hannu kamar fartanya."

"Ƙafa kamar itacen girki. Saki jikinka, Baba."

Kafin a yanke gero ƙafar hagu ta kwanta shar a tabarma. A ranar, Goggo Kaltume har guɗa ta yi, maƙwabta suka shigo kallo, Sati yana ta motsa babban yatsa yana nuna musu kamar wanda ya sayi doki. Amma ta dama ta yi taurin kai. Ta sauko rabi ta tsaya, akushi zai wuce ta ƙarƙashin gwiwar bai taɓa ta ba. Ga shi tari ya kama tsohon, abinci ya daina shiga, kullum sai ƙara zubewa yake yi. Da Uba ya kai hannu saman cinyar sai Sati ya ɗame jiki ya ture shi, ya ce nan kam wuta ce.

Ranar Laraba Uba ya zo, Sati ya girgiza kai.

"Bar shi yau. Ba ƙarfi." Ya daɗe yana kallon gwiwar da ke tsaye. "Ita wannan fa?"

"Za ta kwanta."

"Ka tabbata?"

"Na ce maka za ta kwanta, Baba."

Ya faɗa ne kawai. Ya fita daga zauren, bai san ta inda zai ɓullo mata ba.

Ranar Alhamis da hantsi, ya rataye cinya ke nan a rumfa, aka zo aka ce masa Sati ya cika. Ya bar naman da wuƙar da komai, ya tsaya a bakin rijiya ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya sheƙa. Ya tarar an rufe wa Sati ido, an ɗaure haɓa. Liman Ɗanmalam yana zaune a wajen kai. Jafaru, ƙanen mamacin da ya zo jinya daga Samaru, ya durƙusa ya haɗa tafuka biyu a kan gwiwar dama, ya ɗaga kafaɗa zai sakar mata nauyinsa.

"Ɗauke hannunka," in ji Uba.

Jafaru ya waiwayo. "Gawa ba ta jin ciwo. Na riga na aika a fara haƙa, rana tana yi."

"Ɗauke hannunka, Malam Jafaru. Ya bar mini amana."

"Ikon Allah. Yanzu mahauci ne zai gaya mini yadda zan yi da ɗan'uwana?"

Uba ya ji zafin maganar har cikin ransa, amma bai motsa daga inda yake ba. Liman ne ya raba su. Ya ce abin da aka karantar da su shi ne a tausasa gaɓoɓin mamaci a hankali, in sun ƙi a bar su yadda suke, karyawa kam babu ita. Ya dubi Uba. "Ka gwada kafin ruwan wanka ya yi ɗumi. In ba ta yi ba, haka za mu kai shi."

Jikin da sauran ɗumi. Uba ya mulke gwiwar da mai, ya naɗe, ya buɗe, ya ja. Ta zo daidai inda ta saba tsayawa ta tsaya cak. Ya sake, haka. Ya sake. Gumi yana ɗiga daga gemunsa a kan tabarma, yana jin ƙafar tana ƙara sanyi a hannunsa, Jafaru kuma yana tsaki a bayansa. Daga cikin gida ana jiyo kukan Goggo Kaltume ƙasa-ƙasa.

Sai ya lura, duk sanda ya ja ƙwauri, ƙugun ne yake ɗagowa daga tabarma. Gwiwa ta ba da nata tuntuni. Cinyar ce ba ta sauka, daga can sama aka riƙe ta, wurin nan da Sati bai taɓa bari a taɓa ba. Uba ya gyara zanen da aka rufe shi, ya sa hannu ta samansa a matsematsi, ya ji jijiyar a ɗame. Ya rungumi cinyar ya tura ta sama wajen ciki, ya juya ta waje, ya dawo da ita ciki, yana jin kan ƙashin yana mirginawa a gurbinsa. Ya yi haka ya fi sau ashirin, babban yatsansa yana danne da jijiyar.

"Baba, ni ne," ya ce a hankali. "Saki jikinka."

Ya fara sauke ta. Ta wuce inda take tsayawa. Ya dakata, ya numfasa, ya ƙara kaɗan. Bayan gwiwar ya taɓa tabarma, diddige ya je ya daidaita da ɗan'uwansa, ko ƙas ba a ji ba. Ƙafafun biyu suka zarce bakin tabarmar suka kwanta a ƙasa.

Liman ya ce, "Alhamdu lillahi." Jafaru ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Uba ya zauna daɓas, hawaye yana zuba, amma a ransa wani irin alfahari yake ji wanda bai taɓa jin irinsa ba tun da ya fara riƙe wuƙa.

Da aka kawo karan dawa za a auna, shi ya karɓa. Ya ɗora daga tsakar ka zuwa diddige, ya karya a daidai, ya ce shi zai kai maƙabarta da kansa. Ya bi ta gaban tasha da karan a tsaye a hannunsa, ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, 'yan dako suna ajiye buhuna suna bin sa da kallo.

Ya tarar masu haƙa sun gama, suna zaune a kan tulin jar ƙasa. Ya miƙa wa babbansu karan. Mutumin ya shiga ramin ya kwantar da shi, karan ya ƙi shiga, ya yi saura kamu guda a waje.

"Wannan na wa ne? An ce mana tsohon nan ne da ya naɗe."

"Na Sati Dogo ne," in ji Uba. "Ku ƙara."

Mutumin ya dubi karan, ya dubi Uba, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki diga. Uba ya tsuguna a bakin ramin yana riƙe da kan karan, ƙasa tana zubowa a kan ƙafafunsa.