Sabon Salon Awo a Shagon Anti Maimunatu

Ku yi mini haƙuri, ban taɓa rubuta labari ba. Na wasu na saba karantawa.

Mahaifiyata, wadda duk Anguwan Rukuba ke kira Mama Datong, ta tsiro da wani hali. Tana cikin tuƙa tuwo sai ta taɓa gefen nononta na hagu. Na tsorata. Na samo takardar asibiti mai koya wa mata duba nono, na saka mata cikin littafin waƙoƙin coci. Washegari na tarar ta naɗe ƙosai da ita.

Bakina ba ya iya irin wannan magana. Sai na je na raɗa wa Anti Maimunatu, telar da ta shekara ashirin tana mata ɗinki.

Ranar awon ankon zumuntar matan coci muka je shagonta a Nasarawa Gwom. Anti ta saki labulen ƙofa, ta ɗauko tef. Ni kuwa na zauna a benci, na tura fuska cikin littafi.

"Ɗaga hannun hagu, Madam."

"Na ɗaga. Ko tashi sama kike so in yi?"

"Yanzu sa yatsu uku na dama a nan, a shimfiɗe. Zagaya a hankali har hammata."

"Maimuna, wurin tela na zo ko wurin likita?"

"Sabon salon awo ne. Duk wata ake yi, bayan al'ada."

"Ni da na shayar da yara biyar za ki koya wa nonona?"

Amma ta yi. Yatsun suka zagaya, suka tsaya wuri ɗaya. Dariyar ta ɗauke.

"Kamar ƙwayar gyaɗa," in ji Mama ƙasa-ƙasa. "Tun Ista."

"Tun Ista! Ke da kike dawo mini da riga don zare ɗaya ya fito? Yawanci ba komai ba ne, amma ba ni ko ke za mu faɗa ba. Litinin zan rufe shago, mu je asibiti."

"In na ƙi fa?"

"Sai ki je taron mata ba riga."

Mama ta daɗe tana kallon keken ɗinki.

"Ƙarfe bakwai. Kar ki sa ni jira." Sai kuma ta ƙanƙance ido. "Tsaya, Maimuna. Wa ya gaya miki hagu ne?"

Kafin su waiwayo, na kwashi takalmana a hannu, na sulale.