Ƙanzon da Inna Ta Kankare

Tun da jami'a ta tura Auta aikin koyo a filin tono, ƙafarta ba ta taka ƙasan rami ba. Tana shekarar ƙarshe a karatun binciken kayan tarihi, ta ci littattafai har sun gaji da ita, amma ranar da ta iso filin sai aka miƙa mata robar ruwa da tsohon burushin haƙori, aka nuna mata rumfar kwano a gefe. Aikinta wankin tsingaro. A kawo mata gutsattsarin tukwane cike da leda, ta wanke, ta shanya, a kawo wasu.

Ba wankin ne ya hana ta sukuni ba. Jami'a ba ta karɓar aikin ɗalibi sai shugabar fili ta sa hannu cewa ya yi tono da kansa. Filin kuma na aro ne, a ƙarshen mako katafila za ta shigo, masu gini su karɓi wurinsu. Idan aka rufe ramin ba ta shiga ba, sai baɗi, 'yan ajinsu su fita su bar ta. Shi ya sa ko zama ba ta iya yi sosai. Ta wanke biyu ta miƙe, ta leƙa ramin, ta dawo, ta gyara zaman robar da ba abin da ya same ta. Kowa ya zo wucewa sai ya ce ta yi haƙuri. Masu faɗin hakan kuwa duk daga cikin ramin suke fitowa, da ƙasa a gwiwoyinsu.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar wanke-wanke," in ji Dogo, ɗan ajinsu, yana dire mata wata ledar. "Ga gaisuwa daga talakawanki na ƙasa."

"Allah ya sa bangon ramin ya rufta da kai."

"To ai ke za a kawo wa ni ki wanke."

Ana cikin haka Dakta, shugabar aikin, ta shigo rumfar da kanta, riƙe da wani abu da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Gindin tukunya ne, faɗinsa kamar tafin hannu, cikinsa baƙi ƙirin.

"Me kika gani?"

"Ƙanzo," in ji Auta.

"Ƙanzo. Wata ta bar girki ya kama mata, ba mu san yaushe ba. Ɗakin gwaji zai gaya mana shekarunsa, har da abin da ta dafa. Duk tonon nan ba mu samu abin da zai ba mu shekarun wurin ba sai shi. Ruwa kada ya taɓa shi. Ki zana mini shi ciki da waje, da awonsa, gobe in kankari samfur. Kina gama zanen ki zo ki karɓi cokali."

Cokalin gini take nufi, wanda ake tono da shi. Auta ta ji maganar har cikin tafin ƙafarta.

Sai dai zane ba ya son gaggawa, ita kuwa gaggawar ce ke cinta. Ta ɓata takarda, ta sake, ta kuma ɓatawa. Aka tashi daga aiki ba ta kai rabi ba. Dokar fili ta san ta sarai, ko tsinke ba ya fita daga shinge. Amma ta lissafa, idan ta bari sai gobe, safiyar ta tafi a zane, ranar ta gutsure. Ta shimfiɗa auduga a ƙaramin kwali, ta kwantar da gindin tukunyar, ta sa a jaka. A mota kwalin na kan cinyarta, duk ramin da taya ta faɗa sai ta ji shi a haƙoranta.

A gida ta gama zanen kafin duhu, ya kuma yi kyau. Da yake akwai sauran danshi a jikin tukunyar, ta bar kwalin a buɗe a kan kabad ɗin kwanuka don ya sha iska, ta kwanta da murna.

Ƙarar kankara ce ta tashe ta da safe. Ƙarar da ta sani tun tana goye, soson ƙarfe a gindin tukunya. Ta juya za ta koma barci, sai ta zabura.

Inna na tsugune a bakin famfo, kumfa har wuyan hannu.

"Inna!"

"Ke, kada ki tsinka mini zuciya. Ga shi na kusa gamawa. Wannan ƙanzo da taurin kai yake, sai da na jiƙa shi da ruwan zafi." Ta ɗauraye, ta ɗaga shi ga haske. Ja jawur, tas, ko ɗigon baƙi babu.

Auta ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

"Inna, ƙanzon ake so. Ƙanzon ne aikin."

"Ƙanzon? Ni na haife ki, ki ɗauki abu da ƙanzo ki kai wa malamarki? Ta ce daga gidan wa kika fito?"

"Ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa!"

"Shi ya sa. Ƙazamar da ta bar shi ta mutu ba ta wanke ba, sai a ci gaba da yi mata tallar abin kunya?"

Yayanta makanike ya fito da kayan aikinsa a kafaɗa, ya ji yadda aka yi, ya yi dariya har da riƙe bango. Da ya ga idon ƙanwarsa ya cika, sai ya haɗiye sauran.

"To Auta, ƙanzo ne fa, ba zinariya ba. A kankaro wani a liƙa. Inna, ba ki da ƙanzo a kicin?"

"A kicin ɗin wa? Ka maimaita in ji."

"Tuba nake." Ya juya ga Auta, ya rage murya. "Yaushe sakamakon gwajin zai fito?"

"Sai bayan watanni."

"Kin karɓi takardarki ke nan, kin yi gaba."

Bai jira amsarta ba. Ya ɗora ɗan sauran abincin jiya a murfin gwangwani, ya ƙona shi a wuta har ya zama gawayi, Inna na faɗan ya cika mata gida da ƙauri. Ya murƙushe shi a takarda, ya cusa mata a jaka. Ba ta ce ya sa ba, ba ta kuma fitar ba.

Ta sauka daga mota tun kafin a kai filin, don ta kasa zama. Ta yi tafiya, ta tsaya, ta koma baya kaɗan, ta zauna a kan dakalin wani shago da ba a buɗe ba. Ta buɗe kwalin. Ta lakaci baƙin garin da yatsa, ta ɗan jiƙa da yawu, ta shafa a gefe guda na cikin tukunyar. Ya zauna daram. Abin da ya tsorata ta ke nan, yadda ya zauna. Dakta za ta kankare shi da hannunta, ta naɗe, ta aika, wasu mutane masu farar riga su ɓata makonni a kansa, a dawo mata da labarin cewa mutanen da suka zauna a filin nan jiya suka yi girki. Ko kuma injin ya ruɗe ya ba da wata shekarar, a rubuta ta a littafi, wata ɗalibar ta haddace ta don jarrabawa, kamar yadda ita ma ta haddace wasu ba ta taɓa tambayar daga ina suka fito ba.

Ta goge wurin da bakin mayafinta, ta zubar da sauran a kwata.

Dakta na jiranta a rumfa, ta jera 'yar wuƙa da kwalbar samfur. Auta ta ajiye zanen, ta ajiye kwalin, ta buɗe. Dakta ta daɗe tana kallo. Ta ɗauka, ta kai hanci.

"Sabulu."

"Innata ce."

"Da me?"

"Soson ƙarfe. Da ruwan zafi."

"Innarki ce ta shigo filina ta ɗauka?"

"Ni na fitar, Dakta. Ina so in gama zanen ne."

"Kin gama kuwa." Ta ture takardar gefe ba ta duba ba. "Biyo ni."

Auta ta bi ta, ta ɗauka bakin ƙofa za a raka ta. Sai ta ga sun nufi tsani. Haka ta shiga ramin da ta yi makonni tana leƙe, ba wanda ya yi mata barka. Dakta ta nuna bango, can ƙasa daidai gwiwa. Bakin wani tsingaro ya ɗan leƙo daga cikin ƙasar.

"Sauran tukunyar ke nan."

Hannun Auta ya tafi da kansa.

"Kul! Abin da aka koya miki ke nan? A zaro daga bango kamar haƙori, a rasa daga wace shimfiɗar ƙasa ya fito? Daga sama ake sauko masa. Na bar shi ne don ina da ƙanzona, ban ga dalilin buɗe sabon wuri ba ga katafila a hanya. Yanzu ba ni da komai." Ta zaro cokali daga aljihun baya ta miƙa mata. "Ki hau sama ki ja igiya, ki shata wurin da za ki tona. Shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace ki tankaɗe ƙasarta, ki kira ni in gani kafin ki wuce. Idan kika kai gare shi kafin a rufe filin, ban kama ki kin tsallake komai ba, zan sa miki hannu. Idan ba ki kai ba, sai baɗi, kuma ba a wurina ba."

"Akwai ƙanzo a jikinsa?"

"Ina na sani? Ni na dafa?"

Auta ta hau, ta kafa ƙusoshi, ta ja igiya, ta durƙusa. Daga inda take zuwa tsingaron ya kusa tsayinta, ƙasar saman kuma ta bushe kamar siminti. Ta kafa bakin cokalin ta danna da ƙarfinta duka, wani ɓangare ya ɓalle.

"Tono na ce, ba haƙar rijiya ba!" Dakta ta ɗaga murya daga ƙasa.

Dogo ya iso da bokiti biyu da rariya, ya dire a gefenta, fuskarsa ba walwala.

"An ce ni zan riƙa kwashe miki ƙasa. Ni me na yi?"

"Matsa, kana tare mini haske."

"A haka za ki kai? Wallahi ba za ki kai ba."

Auta ta kwantar da cokalin, ta ja shi a hankali, ƙasa ta taso 'yar kaɗan, ko cikin hannu ba ta yi ba. Ta zuba a bokiti, ta sake ja.