An Wanke Ƙwallon Baba

Ilya bai taɓa ɗaukar labarin ubansa a bakin komai ba sai da uban ya kwanta dama. Haka ƴaƴa suke, Allah ya shirye mu. Lokacin da tsohon yake raye, da ya fara zancen zamanin da yake jefa ƙwallo a Amurka, sai Ilya ya dubi agogo ya ce jirgin ƙasan Lyon ba ya jiran kowa. Yanzu kuwa, wata biyu da rasuwa, ga shi zaune a ɗakin malamai na makarantar da yake koyar da wasanni a birnin Lyon na Faransa, yana karanta saƙon wata Ba'amurkiya a waya har sau huɗu.

Uban nasa baƙar fatar Amurka ne. Benjamin uwarsa ta raɗa masa, a wani ƙauyen Arkansas, a shekarar 1931. Da ƙuruciya ya buga besbol, wasan nan da wani ke jefo ɗan ƙaramin ƙwallo, wani ya tare shi da kulki ya maka. Shi mai jifa ne. Bai kai manyan ƙungiyoyi ba, a ƙananan ƙungiyoyin garuruwan Texas ya yi shekara uku yana yawo cikin tsohuwar bas. In an isa masauki abokan wasansa fararen fata su shige ɗaki, shi a bar shi ya miƙe a kujerar mota, washegari kuma shi za a miƙa wa ƙwallo ya ceto su. Daga nan aka ɗauke shi soja aka kawo shi Faransa, jijiyar kafaɗarsa ta tsinke a wani wasan bariki, shi ke nan jifa ta ƙare. Ya ce ba zai koma ƙasar da ta hana shi gado ba. Ya yi shekara talatin a masana'antar motoci, ya auri Balkisa ƴar Damagaram da ta zo karatun ungozoma, ya musulunta, ya zama Malam Umar Faruk na unguwar Beaudottes a Sevran, kusa da Paris, mai Hausa da karkataccen harshe.

Matar da ta rubuto, Hannah sunanta, littafi take haɗawa kan baƙaƙen fatar da suka fara shiga waɗannan ƙananan ƙungiyoyi. Ilya ne ya neme ta bayan ya gaji da laluben sunan ubansa a intanet bai samu ko layi ɗaya ba. Ta ce takardun ƙungiyoyin sun salwanta, jaridun lokacin kuma ba su cika damuwa da rubuta cikakken sunan baƙin mutum ba. Amma in ya kawo mata sunayen waɗanda suka yi wasa tare, za ta gano garin da shekarar. Ƙarshen wata littafin zai tafi ɗab'i. In babu sunayen, babu Benjamin a ciki.

Sunayen kuwa suna nan. Akwai wani tsohon ƙwallo da ya yi ja don tsufa, cikin gwangwanin biskit a saman kabad ɗin tsohon, wanda abokan wasansa suka sa wa hannu ranar da zai tafi soja. Ilya ya ga ƙwallon nan ya fi sau dubu, amma ko suna ɗaya bai taɓa tsayawa ya karanta ba, balle ya ɗauki hotonsa. Abin kunya!

Ya kira yayarsa Hassia sau uku, ba ta ɗauka ba. Rabonsu da magana tun ranar jana'iza, da ya zo da safe ya koma da la'asar. Ranar Asabar ya hau jirgin Paris, daga can ya kama na Sevran, yana tafe yana cika yana batsewa tun kafin a yi masa laifi.

Hassia ce ta ajiye aikinta na asibiti ta yi jinyar uban shekara goma sha ɗaya bayan rasuwar uwarsu. Ta buɗe ƙofa, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"A'a, mutanen Lyon. Ɓatan hanya aka yi?"

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya." Ko ruwa ba ta ba shi ba.

Ya wuce ɗakin tsohon kai tsaye, ya ja ya tsaya. Wayam. Babu riguna, babu hular sanyi, babu dardumar salla, sai katifa tsirara da warin jabel, ruwan nan na wanki mai cinye kowane tabo.

"Ina kayan Baba?"

"An bayar sadaka ranar arba'in. An aika maka, ka ce kuna da gasar ninkaya."

"Gwangwanin da ke saman kabad fa?"

Ta shiga kicin ta dawo da gwangwanin, ta dangwarar a kan tebur. Ilya ya buɗe. Ƙwallon yana ciki, fari fat kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai shi bakin taga. Babu ko ɗigon tawada.

"Me kuka yi masa?" in ji shi. "Hassia, me kuka yi masa?"

"Yau kuma Hassia na koma? To madalla. Wanke shi aka yi."

"Wanke shi? Da hankalinku?"

"Ba a ba mutane kayan mamaci da zufarsa da dauɗarsa, ko ka manta? Komai aka wanke, har igiyar takalmi. Tanti Kadidiatou ce ta ga abin ya yi baƙi ƙirin da datti, ta jiƙa shi a jabel, ta bi shi da buroshi. Ina wajen shanya, ko da na shigo an gama. Kuma da aka zo rabo babu mai so, shi ya sa ka same shi."

Tanti Kadidiatou ƙanwar uwarsu ce. Ilya ya ji kamar ya kifar da teburin. Ya ce jahilci ne, jahilci tsantsa. Ya ce mutum ya kwana a mota, an zage shi a fili, an tofa masa miyau, abu ɗaya tak ya fito da shi daga wannan wahala, sun sa buroshi sun goge kamar gindin tukunya. Ya faɗa mata zancen Hannah da littafin da ƙarshen wata, yana yi yana buga tebur.

Hassia ta bari ya gama sarai.

"Tsohuwa mai shekara saba'in da biyar," ta ce, "ta durƙusa kwana uku tana wanke wa ubanka kaya da ciwon gwiwa, ita ce jahila. Kai mai ilimi kana ina? Ka sake zaginta a gidan nan ka ga yadda za mu kwashe."

"Kin san abin da aka rasa kuwa? Sunaye ne!"

"Goma sha bakwai ne," in ji ta. "Tara a gefen ɗinki, takwas a ɗaya gefen. Na ƙarshen da jan alƙalami ya rubuta."

Ilya ya saki baki.

"Shekara ukun ƙarshe Baba ya manta Hausa, ya manta Faransanci, ni kaina nas yake ce mini. Ba ya buɗe baki a ba shi abinci sai an sa masa ƙwallon nan a hannu ana karanto masa mutanensa. Suna ɗaya, cokali ɗaya. Safe, rana, dare. Tun ina dubawa har na daina dubawa. Ko daga barci ka tashe ni zan jero maka su."

Nan da nan Ilya ya zaro waya, ya danna wajen ɗaukar murya, ya miƙa mata, har da ɗan murmushi, marar kunya.

"Alhamdu lillahi! Yaya, don Allah, faɗo su. Minti ɗaya ne."

Ta dubi wayar, ta dube shi.

"A'a."

"Haba Yaya. Na yi kuskure, na yarda. Ki yi don Baba."

"Don Baba na yi shekara goma sha ɗaya. Wannan don kanka ne. So kake a buga littafi ka ajiye a falonka, baƙi su zo ka ce ga ubana, ka ji sanyi a ranka. Ba da bakina ba."

"Ba ni za ki hukunta ba, shi za ki binne sau biyu! In wata ya ƙare shi ke nan, babu wanda zai san ya taɓa riƙe ƙwallo!"

"Ni na sani."

Ya roƙa, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Ya haɗa ta da Allah, ya haɗa ta da darajar uwarsu. Hassia ta rufe gwangwanin, ta tura masa a ƙirji, ta je ta buɗe ƙofar waje ta riƙe. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, amma ko hawaye ɗaya ba ta bari ya gani ba. Ta tsane shi a wannan lokacin, kuma ba ta ɓoye ba.

Ya fita ya tsaya a bakin matakala da gwangwani a hannu.

"Abu ɗaya zan ba ka ka kai wa baturiyarka," ta ce. "Kullum in na kai na goma sha bakwai, ya haɗiye cokalin ƙarshe, sai ya dubi ƙofar nan ya ce da Turancinsa, yaron ya zo? Bai san sunanka ba, amma bai fasa tambaya ba. Shekara uku ina ce masa gobe."

Ta rufe ƙofar, ya ji ta murza makulli sau biyu.