Yadda Ake Faɗinsa

Duk sashen nazarin ƙaura na jami'ar, ba a taɓa yin ɗalibar da ta iya ɓoye mutum kamar Annelies Dewulf ba. Farfesa Claes da bakinsa ya faɗi haka ranar da ta kare digirin digirgir, burodi da cuku a hannu ɗaya, littafinta a ɗayan. Littafin kan haƙƙin baƙi marasa takardun zama a Beljiyam ne, tauraronsa kuma wani Idris, ɗan Sudan, bakanike a Antwerp, mai 'ya'ya uku.

Babu wani Idris. Akwai dai wani ɗan Gini mai wanke tukwane a shagon soyayyen dankali, ko aure bai yi ba. Kwamitin ɗa'ar bincike ne ya ce a sakaya sunan duk wanda aka yi hira da shi, kada hukuma ta bi sawu ta kama shi. Sauran ɗalibai suna kawai suke canjawa. Annelies kuwa, da yake in ta tashi alheri ba ta san kaɗan ba, ta canja masa ƙasa da gari da sana'a, ta ƙara masa shekaru, ta haifa masa 'ya'ya. Da ta gama ta goge muryarsa da ta naɗa, ta goge saƙonninsu na waya, ta niƙe 'yar takardar da ke haɗa sunan aro da na yanka.

Idris ya sha yawo. Ya je taro a Oslo, ya je Lisbon, ba wanda ya tambaye shi biza. Shi ya samo wa Annelies ofis, da izinin ɗaukar sababbin ɗalibai su zo su ma su nemi nasu Idris ɗin. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Wata rana da yamma, ana yayyafin da ba ya ƙarewa, mai wanke tukwanen ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishin.

"Abokina, shigo," in ji Annelies, ta tashi ta rungume shi. Da gaske ta yi murna, wannan kam ba a raba ta da shi.

"Dakta, an zama manya. Ofis har da tukunyar fure."

Ta zuba masa kofi, ta ɗora ɗan biskit a gefen kofin. Bai taɓa ba. Ya ce an ba shi wa'adin barin ƙasa, amma lauyarsa ta ce da sauran dama: in ya kawo shaidar cewa ya daɗe a nan, da wani mai mutunci da ya san shi tun tuni, wataƙila a bar shi. To, ɗakin da yake kwana ba da sunansa aka kama ba, mai shagon kuma in aka tambaye shi zai rantse bai taɓa ganinsa ba.

"Duk ƙasar nan ba wanda ya zauna ya saurare ni shekara da shekaru sai ke."

Annelies ta miƙa hannu ta zaro littafin, fuskarta na haske.

"Bar shi, Dakta, na riga na kai wa lauyar," in ji shi. "Ta karanta har ta yi ƙwalla. Ta ce wannan bawan Allah ɗan Sudan, in ya zo da kansa za ta taimake shi, don ya fi ni hujja. Muryata fa, da kika riƙa ɗauka?"

"Na goge. Don in kare ka ne."

"Ai kin kare ni. Ni kaina na neme ni a ciki ban gan ni ba."

Ta ajiye littafin a kan tebur. Doka ta hana ta bayyana wanda ta yi hira da shi, ko da shi ya roƙa, sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuwa ba ya zama sai bayan hutu. In ta karya dokar, Farfesa Claes zai cire tabarau ya dube ta, wataƙila ofishin ya tafi da tukunyar furensa. Tsoro ya kama ta. Sai kuma wani abu mai daɗi ya biyo baya: ta hango kanta a taro tana ba da labarin ranar da ta zaɓi ɗan Adam a kan doka. Har taken kasidar ya faɗo mata.

"Zan rubuta," ta ce. "Komai ta fanjama fanjam."

Ta jawo kwamfuta, tana bugawa tana karantawa a fili don ya ji: "Ni, Dakta Annelies Dewulf, na shaida cewa na yi shekaru da sanin wannan mutum, sani na ƙut-da-ƙut, wato Malam..."

Yatsunta suka tsaya.

Ta san tabon mai da ke bayan hannunsa. Ta san yadda ƙanensa ya nutse a teku, shafi guda ta yi a kai. Ta lalubi sunan, Idris ya fito. Ta ture shi ta sake laluba, Idris ya sake fitowa da 'ya'yansa uku. Da A yake farawa, ko da T? Kunya ta rufe ta har kunnuwanta suka yi ja, amma mai digirin digirgir ba ta rasa dabara.

"Abokina, tuna mini yadda ake rubuta shi. Ka san takardar hukuma, harafi ɗaya sai ya ɓata komai."

Ya dube ta, ya dubi littafin. Sannan ya ɗauki biskit ɗin, ya tsoma a kofi, ya ci a tsanake.

"Ba shi da wuya, Dakta," ya ce. "Yadda ake faɗinsa."

Ya gyara zama, yana jira.